Roka, Daf da Howo: Yadda Lodi Ya Koya wa Makanikan Sakkwato Taɓa Inji

Wannan makon hanya za mu hau: wadda ta fito daga Sakkwato ta bi ta Bodinga, ta ratsa ƙasar Shagari inda gundumar Lambara take, ta wuce Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora, ta haye Kogin Kwara a Jebba, har ta dangana da Legas. A lissafin gwamnatin tarayya sunanta A1, kuma ɗaya bakinta yana Illela, kan iyakar Nijar. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya saba ganin babbar mota ta taho a karkace saboda kaya, tana nishi, baƙin hayaƙi na bin bayanta. Yawancinmu mukan ce tsufa ne. Wani lokacin tsufan ne, amma sau da yawa hayaƙin nan aikin hannu ne, bakanike ne ya sa shi da gangan, kuma yana da tarihi.

Tarihin daga dogo ya faro. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma can ya tsaya har yau. Birnin Sakkwato bai taɓa ganin dogo ba. Gyaɗa da auduga da fatar jar akuya da Turawa ke rububi, sai dai raƙuma da jakuna su kai su bakin tashar jirgi, tafiyar fiye da kilomita 200, kafin lori ta zo ta karɓe aikin. Ɗan kasuwar Kano yana da zaɓi tsakanin jirgi da mota, na Sakkwato kuwa mota ce kaɗai. Da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara aiki a 1967, kowane buhu a kan taya ya fita. Haka albasa, haka shanu, haka man da ake ɗaukowa daga kudu.

To ka lissafa. Sakkwato zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Kuɗin direba da yaron mota da na shingayen hanya ɗaya ne, ko motar ta ɗauki tan 10 ko tan 20. Ribar mai mota tana cikin abin da ya ɗora a kan ƙa'ida. Daga nan duk sauran labarin ya fito.

A cikin lorin da suka yi yawa a zamanin Turawa akwai na Ingila, irin su Bedford da Austin. Amma motar da ta zauna a zuciyar direbobin Arewa 'yar Jamus ce, Mercedes mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959, aka ci gaba da yin ta domin kasuwannin ƙetare har tsakiyar shekarun 1990. Ita ce 911, wadda a tasha ake kira roka, ita ce kuma aka yi wa bodi ta zama molue a Legas. Lambar nan ba ado ba ce. Tun 1963 kamfanin yake sa wa motocinsa suna da lissafi: lambar farko nauyin mota ne da kayanta gaba ɗaya, biyun ƙarshe kuma ƙarfin injinta. Wato 911 tan 9 ce da ƙarfin doki 110, 1113 kuma tan 11 da doki 130. Tan taran nan har da nauyin ita motar kanta. Wanda ya taɓa ganin roka ta taso daga kasuwa da buhunan gero har sun ɗara bodi, mutane kuma a zaune a kai, ya san cewa an daɗe da yin sallama da wannan lissafi.

Injin da ke cikin yawancinsu OM352 ne, mai silinda 6, lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Sauƙinsa ne ya sa ya karɓu. Ba shi da wata na'urar lantarki da za ta hana shi tashi a daji, kuma bakanike mai sifana da haƙuri zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar.

Gyaran farko da lodi ya tilasta na ƙarfe ne: a ƙara ganyen sifirin, a liƙa wa shasi wani ƙarfen, a ɗaga bodin katako. Motar za ta ɗauki kayan, amma ja ya gagara. Sai aka koma kan inji, kuma a nan ya kamata mu tsaya mu fahimci yadda injin gas yake aiki, don ya bambanta da na fetur. Ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma ɗaya bisa goma sha shida na girmanta ko ƙasa da haka, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Rudolf Diesel ne ya tayar da irin wannan inji a Jamus a 1897, kamfanin Bosch kuma ya fara ƙera famfon da ke auna man, wanda makanikai ke kira injekta, a 1927. A jikin injektar akwai wani ɗan kusa da ke ƙayyade iyakar man da za a fesa in direba ya take totur har ƙasa. Masana'anta takan ɗaure shi da waya ta buga hatimin dalma. Bakaniken da ya tsinke wayar ya juya kusan nan, ya ƙara wa mota ƙarfi a cikin minti biyar.

Sai dai mai ba ya ci sai da iska. Silinda iskar da take iya zuƙa ƙayyadaddiya ce, don haka man da aka ƙara, wani ya ƙone ya ba da ƙarfi, sauran ya fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi. Kuɗin mai mota ne ke tashi sama. Zafin cikin inji kuma ya ƙaru, ga fistin da alminiyam aka yi shi, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660. Ƙasar Sakkwato ma ta ƙara nata: a watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, iska mai zafi kuwa sakayau take, don haka injin da ke ja lafiya da asuba sai ya yi sanyin jiki da azahar. Direbobin da ke son tafiyar dare suna da hujja fiye da ɗaya.

Maganin ƙarancin iska shi ne tarbo, kuma ya girmi roka nesa ba kusa ba. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905. Hikimar mai sauƙi ce: hayaƙin da ke fita da ƙarfi a banza, a sa shi ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda za ta riƙa cusa iska cikin inji. Kamfanin Saurer na can Suwizalan ya sa ta a injin babbar mota a 1938, Volvo na Suwidin ya fito da tasa a 1954. Mercedes ma ta yi wa OM352 ƙane mai tarbo, OM352A, wanda da girman silinda iri ɗaya yake ba da doki kusan 170.

Inji iri ɗaya, ƙarin doki arba'in ko fiye. Ina mai motar da zai ji wannan bai yi sha'awa ba? Shi ya sa ɗaura tarbo a injin da bai zo da ita ba ya zama sana'a a gareji-gareji. Abin da ido ba ya gani shi ne injin da aka ƙera domin tarbo daban yake daga ciki. Fistinsa ya fi ƙwari, an rage matsinsa, kuma akwai ƙananan bututu da ke watsa masa baƙin mai daga ƙasa don ya huce. Wanda ya ɗaura tarbo a waje ya bar cikin yadda yake, zai ji daɗin wata shida, sannan gasket ta ƙone ko inji ya buga, galibi a inda babu gari kusa. Ita kanta tarbon 'yar lallaɓa ce. Fankarta tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan ɗan siririn baƙin mai. Direban da ya sha tafiya ya tsaya cin abinci ya kashe inji nan take, ya bar man da ke cikinta yana soyuwa. Wanda kuma ya ga matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu ya cire ta ya jefar, ya ba yashi izinin cinye fikafikan fankar. A ganina, rabin tarbon da ke mutuwa a hanyar nan ƙura da gaggawa ne ajalinsu.

Ƙarfin da aka ƙara kuma dole ya bi ta wani wuri kafin ya isa taya: kuloci, giyabos, farfela, aksul na baya. Kowannensu an yi shi ne daidai da injin da ya zo da shi. Kuloci ne ke fara kuka, ya riƙa zamewa yana wari a kan tudu. In aka sa mai ƙarfi wanda ba ya zamewa, sai nauyin ya koma kan haƙoran giya. A nan makanikai suka gano wata dabarar da ba ta taɓa inji ko kaɗan, wato sauya haƙoran aksul. In aka sa waɗanda ke rage juyin taya, mota za ta ja kaya kamar sa amma ba ta gudu, in aka sa akasinsu za ta yi gudu a miƙaƙƙiyar hanya ta kasa tudu. Mai siminti da mai tumatir ba aksul ɗaya suke so ba, domin shi mai tumatir da rana yake tsere.

Akwai lokacin da aka yi zaton ƙasar nan za ta riƙa haɗa motocin da suka dace da kayanta. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai: Steyr na Ostiriya a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes kuma a Enugu ƙarƙashin ANAMMCO. Wanda ya buɗe ta Enugun a 1980 ɗan wannan hanya ne, Shugaba Shehu Shagari. Sai farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin SAP a 1986, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa. Masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta koma hannun motoci da kayan gyara na hannu daga Turai, waɗanda har yau ake kira Beljiyam.

Ta wannan ƙofa DAF ta ƙasar Holan ta mamaye hanya, har sunanta ya zama sunan duk wata tirela a bakin mutane. Ta zo da abin da makanikai ke ta fafutukar ƙirƙira da hannu. Tun 1973 kamfanin yake haɗa tarbo da wani lagireto na musamman mai sanyaya iskar da ta matsa kafin ta shiga inji, don sanyayyar iska ta fi cika silinda. Da yawansu kuma suna ɗauke da giyabos na ZF mai giya 16: giya huɗu ne na asali, wani maɓalli ya raba kowace gida biyu, wani kuma ya ɗaga su duka zuwa sama. Amfanin yawan giya shi ne inji ya zauna a juyin da tarbo ke busawa sosai, ko ana hawa ko ana kwance. Mai mota ya ga doki 350 a hannunsa, sai ya ƙara lodi. Aka koma gidan jiya, a ƙara sifirin, a taɓa injekta.

Birki ne kaɗai ba kasafai ake ƙara wa komai ba, alhali shi ne zai tsayar da duk abin da aka ƙara. Nauyi in ya ninka, aikin birki ya ninka, gudu kuwa in ya ninka, aikin birki sau huɗu yake ƙaruwa, kuma duk zafi yake zama. Ga direban da ke sakin mota a firi a gangara don ya rage shan mai, ya hana inji taya birki riƙo. Mutanen da kasuwanninsu da makarantun 'ya'yansu ke bakin kwalta, daga Bodinga har Tambuwal, su ne ke zaune a ƙarshen wannan lissafi. Kwaltar ma tana biyan nata. Wani gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan aksul ɗaya ya ninka, ɓarnar da yake yi wa hanya takan kai ninki 16. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ke kashe sefa, har da Nijar, sun kafa dokar iyakance nauyin aksul a 2005 saboda wannan dalili.

Yanzu zamani ya juya. Sababbin injuna kwamfuta ce ke auna musu mai, babu kusan da za a juya, sai dai a jona wata kwamfutar a sauya lissafin da ke ciki. A Amurka masu akori-kurar gas suna yin haka don nishaɗi, hukuma kuma ta sha cin masu yi tara saboda hayaƙi. A nan kuwa, tun da kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022 kaɗai, mai motar da a da yake cewa a buɗe masa injekta, yau roƙo yake a rage mata sha.

Motar da ke ture daf daga hanyar Kalambaina a yau Howo ce ta kamfanin Sinotruk na Sin, wadda har Dangote ya haɗa gwiwa da su ana haɗa ta a Legas. Injin da ya yi mata suna, WD615, asalinsa na Steyr ne. Sinawa sun sayi fasahar a 1983 daga kamfanin nan na Ostiriya da ya riga ya kafa masana'anta a Bauchi 'yan shekaru kafin nan.