Gas ko Fetur: Tarihin Wani Lissafi a Hanyar Dogon Daji

Idan Ba'amurke ya ce "gas", fetur yake nufi. Idan direba a tashar Dogon Daji ya ce motarsa gas take sha, man dizal yake nufi. Bambancin bai tsaya ga suna ba. A Amurka, mai muhawara a kan gas da fetur galibi yana tunanin tirelar da zai ɗaura wa motarsa a baya ne. A kudancin Sakkwato kuwa, abin da ake ja shi ne buhunan gero da dawa da wake a bayan akori-kura, da shanun da za a kai kasuwa, da motar da ta mutu a hanya aka ɗaura mata sarƙa. Tambayar dai ɗaya ce: wane inji ne zai ɗauki nauyi ba tare da ya cinye ribar mai shi ba? Tarihin yankin ya nuna cewa ba inji kaɗai ne ya riƙa amsa ta ba. Sau da yawa daga Legas ko Abuja amsar take zuwa.

Mu fara da dalilin da ya sa mota ta zama jijiyar wannan yanki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa na yamma kuma ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929. Bai ƙarasa Sakkwato ba, balle Tambuwal ko Kebbe. Saboda haka kayan da suka bar doron jaki da raƙumi kai tsaye suka koma bayan mota. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal, ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, ita ce ta yi wa yankin aikin da dogo ya yi wa Kano. Duk wanda ke da amfanin gona a nan, farashin man mota yana cikin farashin buhunsa tun kafin ya isa kasuwa.

A fagen injiniyanci, hukuncin ya daɗe da fita. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya samu nasarar tayarwa a 1897 ba ya buƙatar filogi. Yana matse iska ne har ta yi zafin da man da aka fesa zai kama wuta da kansa. Wannan matsi mai tsanani ya sa yake tatsar aiki daga kowace lita fiye da injin fetur, ga shi kuma litar gas ta fi ta fetur ƙunsar makamashi. Abu mafi muhimmanci ga mai lodi shi ne, injin gas yana ba da ƙarfin jansa tun yana juyawa a hankali, wato daidai lokacin da ake bukatarsa: tashi da kaya daga tsaye, hawan tudu, ko fita daga yashi da taɓon damina a hanyoyin ƙauyukan Kebbe. Injin fetur sai an taka shi ya yi kuka kafin ya kawo irin wannan ƙarfi, kukan nan kuma mai ne yake ƙonewa. Shi ya sa manyan motoci, tun daga Marsandi 911 mai bodin katako har zuwa tireloli da taraktocin noma, suka zauna a kan gas ba tare da wata gardama ba.

To me ya hana ƙananan motocin lodi bin sahu? Abubuwa biyu ne, duka kuma daga shekarun 1970 suka samo asali.

Na farko shi ne masana'anta. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma akori-kura ƙirar 404, daga baya 504, suka cika kasuwannin Arewa. Da injin fetur aka san su. Tare da su aka yi renon zuriyar bakanikai waɗanda suka ƙware a kan kafireta da filogi, da 'yan kasuwar da suka cika shagunansu da kayan gyaran irin wannan inji. Mota ba ta rayuwa da ƙarfenta kaɗai. Tana rayuwa ne da hannun da zai tayar da ita idan ta tsaya a daji. A gari irin Dogon Daji, injin da yaron bakanike zai iya gyarawa a gindin bishiya ya fi wanda sai an kai famfonsa babban birni.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne farashi. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta daidaita farashin mai a faɗin ƙasa, a 1975 kuma aka kafa asusun da ke biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Sakkwato. Daga baya hanyoyin man biyu suka rabu. An sakar wa kasuwa farashin gas shekaru masu yawa kafin a taɓa fetur, domin fetur ya zama abin da kowace gwamnati ke tsoron kusanta. A Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta tilasta mata saukowa zuwa 97. A Mayun 2016 aka kai shi 145. Duk tsawon wannan lokaci, mai motar fetur yana da abokin tarayya a ɓoye, wato baitulmali, wanda ke biya masa wani kaso na kowace tafiya. Mai motar gas shi kaɗai yake ɗaukar kayansa.

Ratar ta kai maƙura a 2022. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar gas ta haura naira 700 alhali farashin fetur na hukuma yana 165. Mu ɗauki misali domin sauƙin fahimta: a ce tafiyar da motar gas za ta yi da lita 10, ta fetur sai ta sha 13. A farashin wancan lokaci, mai gas zai kashe sama da naira 7,000, mai fetur kuwa bai kai 2,200 ba. Babu ingancin injin da zai cike wannan giɓi. Wanda ya zaɓi Hilux mai fetur a waɗannan shekaru ba jahilcin inji ya yi ba. Lissafin zamaninsa ya karanta daidai.

Sai ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur a jawabinsa na kama mulki. Cikin kwanaki lita ta koma wajen naira 500, ta kuma ci gaba da hawa. A 2024 matatar Dangote ta fara fitar da gas, sannan fetur. A karon farko cikin shekaru masu yawa, man biyu suka fara tsayawa kusa da juna a kasuwa ɗaya. A misalinmu na sama, muddin litar gas ba ta fi ta fetur tsada da kashi 30 cikin ɗari ba, motar gas ce ke da rinjaye a kuɗin mai. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Sai dai a yi hattara, domin injin gas na yau ba irin na Marsandi 911 ba ne. Tsohon inji yana haƙuri da gurɓataccen mai. Na zamani yana fesa mai da matsi mai tsananin gaske ta cikin nozil masu laushi, kwamfuta kuma na lura da shi. Jarka ɗaya daga hannun ɗan bumburutu, wadda aka surka da kananzir ko ruwa ya shiga, tana iya jawo gyaran da zai lashe ribar kaka guda. Ga tsadar saye tun farko, ga ƙarancin masu gyara a wajen manyan birane.

Saboda haka mai niyyar sayen motar lodi a wannan yanki yana da tambayoyi uku da zai yi wa kansa. Nauyin me zan riƙa ɗauka, kuma sau nawa a mako? A ina zan riƙa shan mai wanda na amince da shi? Wa zai gyara mini, kuma a nisan kilomita nawa? Wanda ke dakon buhuna kullum tsakanin Tambuwal da Jega da Sakkwato, lissafi ya fara karkata da shi zuwa gas, kamar yadda ya daɗe da karkata da masu Kanta. Wanda ke fita ranar kasuwa kawai da kaya matsakaita, fetur bai daina yi masa amfani ba.

Akwai kuma tambaya ta huɗu da tarihin nan ya ƙara mana. Mota takan yi shekara 15 ko 20 a hannun mai ita, manufar farashin mai kuwa jawabi ɗaya ya isa ya rushe ta. Wanda ya gina sana'arsa a kan rangwamen gwamnati ya ga yadda abin ya ƙare a 2023. Mai hikima zai yi lissafinsa ne a kan nauyin kayansa, da halin hanyarsa, da hannun bakanikensa, domin su ne ba sa sauyawa da sauyin gwamnati.