Ruwan Liƙe Taya da Tsofaffin Motocin Sabo ta Ibadan

Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawan Ibadan a 1916, hanya ce ta raya ta. Abner Cohen ya nuna a littafin da ya wallafa kan unguwar a 1969 cewa fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi shi ne ginshiƙinta, kuma daga baya mota ta karɓe wannan jigila daga hannun jirgin ƙasa. Shi ya sa har gobe akan ga Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, tana ajiye a ƙofar gidan wani dattijo ana riritata. Tambayar da ke gaban mai irin wannan mota ita ce ko ruwan nan da ake ɗurawa cikin taya don ya toshe huda ya dace da ita.

Ruwan iri biyu ne. Akwai mai kauri, wanda aka haɗa da sinadarin gilaikol da ƙananan zaruruwa da garin roba. Ana cire ƙwayar bawul, a ɗura shi, a mayar da iska. Idan ƙusa ta huda taya, iskar da ke neman fita ce ke tura zaruruwan cikin ramin har su cunkushe. Na biyu ƙaron roba ne a gwangwani, ana fesa shi bayan taya ta riga ta sace, ya bushe a bakin hudar. Masu yin su da kansu sun iyakance aikinsu ga hudar da ba ta wuce milimita 6 ba, kuma a gadon taya inda take taka ƙasa, ban da gefe. Na gwangwanin ma akan rubuta a jikinsa kada a wuce gudun kilomita 80 a awa, a je a yi gyara na sosai.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan taya marar tub, wadda kamfanin B.F. Goodrich ya sanar da ita a 1947, ta zama ruwan dare a sababbin motocin Amurka wajen 1955. A cikinta roba ɗaya ce mai kauri take riƙe iska, ramin ƙusa yana da zurfin da zaruruwa za su kama. Tsohuwar mota kuwa sau da yawa tub ne a cikinta, ko tun asali, ko don rim ya yi tsatsa ya daina riƙe iska aka cusa masa. Tub siriri ne, kuma a miƙe yake saboda iska. Sau da yawa ƙusa ba ta barinsa da rami zagayayye, yaga shi take yi, yagar kuma tana ƙara buɗewa muddin ana tafiya. Ruwan sai ya tsiyaye tsakanin tub da taya, bai toshe komai ba.

Daga nan sai mai faci ya gaji matsalar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai faci ta gefen unguwar Mokola ya san aikin: a zare tub, a hura, a tsoma a bahon ruwa a ga inda kumfa ke tashi, a kankare wurin, a shafa gam, a ɗora faci, a matse a ƙarƙashin ƙarfe mai zafi. Gam ba ya kama wuri mai danshi. Tub ɗin da ke cike da ruwa mai yauƙi yana ci gaba da gumi ta bakin hudar, komai gogewa, har mai faci ya haƙura ya ce wa mai mota, "Alhaji, sai dai sabo." Gyaran da ba ya cin kuɗin kirki ya koma sayen tub.

A taya marar tub da aka ɗora kan tsohon rim na ƙarfe, illar dabam ce. Ruwan yana kwance a jikin ƙarfen wata da watanni, kuma inda fenti ya ɓare tsatsa kan samu ƙofa, balle a garin da damina ke da tsawo kamar Ibadan. Ga kuma halin motar da ba a fita da ita sai Juma'a ko ranar biki: ruwan kan taru a ƙasan taya, idan aka hau babbar hanyar Legas, wadda aka buɗe a 1978, sai sitiyari ya kama rawa kafin ruwan ya bazu. 'Yan acaɓa, waɗanda ke yawo kullum cikin gari ba da babban gudu ba, ba su cika gamuwa da wannan ba, kuma ina ganin daga wurinsu ne farin jinin ruwan ya tsallako zuwa masu mota ba tare da an duba bambancin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ruwan ke rufewa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun tayoyin waje, ciki har da na gwanjo. Tayar tsohuwar mota ba ta cika ƙarewa da sulɓi ba; tsufa ke kashe ta, gefenta ya tsattsage alhali zanenta na nan daram. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke jikin taya suna faɗin mako da shekarar ƙira, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adi. Sacewar iska a hankali ita ce ke kai mutum wurin mai faci, a cire taya a ga cikinta. Ruwan yana ɗauke wannan gargaɗi, ya bar ƙusa a ciki, ya bar danshi yana cin wayar taya.

Don haka gwangwani ɗaya a but yana da amfani ga mai taya marar tub da dare ya riske shi tsakanin Oyo da Ogbomosho, da sharaɗin a wanke a yi faci ta ciki washegari. Amma a ɗura shi a tub na tsohuwar mota da sunan rigakafi asarar kuɗi ce. Gara a kashe su wajen kankare rim, sabon tub da safaya mai iska.