Albashi

albashi (suna, namiji): kuɗin da ake biyan ma'aikaci duk ƙarshen wata gwargwadon matakinsa, ban da alawus. Misali: "Yau 28 ga wata, albashi bai shigo ba."

Ga ma'aikatan lafiya na gwamnatin tarayyar Najeriya tsarin biya iri biyu ne. Likitoci suna kan CONMESS, yayin da ma'aikatan jinya, ungozomomi da masu haɗa magunguna suke kan CONHESS, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta sha jefa ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU cikin yajin aiki. Alawus ɗin haɗari ya daɗe a naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi a 2021.

A 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000.