Yadda Alhaji Ya Koma Tauraron Labarin Soyayya

Auren dattijo da ƙaramar yarinya tsohon abu ne a ƙasar Hausa, amma an daɗe kafin a ba da labarinsa ta bakin yarinyar. Hanyar ta fara buɗewa ne daga gidajen sinima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza, inda finafinan Indiya suka kama zukatan matasa. A cikinsu masoya tsarar juna ne, mai kuɗin da iyaye suka zaɓa kuwa shi ne ƙarfen ƙafa. Samari da 'yan mata suka ga rayuwarsu a majigi. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban masu iya karatun boko, sai aka samu masu rubutawa da masu saye, littattafan soyayya suka cika kasuwa.

Wadda ta fi kowa taɓa wurin ciwon ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama ga wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, auren kuma bai yi ƙarko ba. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, 'yar shekara 13 da mahaifinta ya hana karatu, ya ba Sarkin Noma, mutumin da ya haura hamsin. Abu ta gudu, ta koma makaranta, ta zama mai tsayawa da ƙafarta. Abin da ya sa littafin ya yi nauyi a wurina shi ne bai ɓoye ɗakin auren ba: tsoro, da kishiyoyin da suka haife ta, da yarinyar da ba ta san me ake nufi da miji ba. Masu suka sun ce littattafan suna lalata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Ba su lura ba cewa mata ne ke kai ƙara a rubuce, tunda babu inda ake saurarensu.

Finafinan Hausa na bidiyo, da suka soma da Turmin Danya a 1990, sun gaji wannan jigo, sai dai sau da yawa sun mai da tsohon abin dariya: ga rinin gemu, ga turare, ga sallama a ƙofar gidan sa'ar 'yar cikinsa.

Wayar hannu ce ta juya labarin. A Bagadaza, kamar sauran unguwannin Gombe, yarinya za ta miƙa wa mai shagon turi memorinta, ya cika mata da finafinan fassarar Algaita da diramomin Koriya da na China, littattafai kuma suna zuwa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad. Can gabashin Asiya an daɗe ana ƙawata tazarar shekaru. Marubuciyar Taiwan Chiung Yao ta yi suna ne a 1963 da labarin ɗaliba mai son malaminta.

Namu marubutan na intanet sun ɗauki kwalliyar. Sarkin Noma ya zama hamshaƙin attajiri ɗan arba'in, miskili, mai kamfani a Abuja, wanda 'yar aikin gidansa ko 'yar amininsa za ta narkar masa da zuciya. Ban ce kowane aure mai tazara azaba ba ne. Akwai gidaje da yawa da ake zaune lafiya. Abin da ke damuna shi ne abin da aka goge daga shafin. Ba a ƙara tambayar ko yarinyar ta gama sakandare, uwargida ta koma muguwa kawai, kuma 'yar shekara sha biyar da ke karantawa a ɗakin mahaifiyarta ba ta haɗuwa da wata Abu da ta ce a'a.