Mantuwa Ba Ta Bin Shekaru: Ra'o'in Tunawa a Ma'aunin Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Tsakure

Maƙalar nan ta auna manyan ra'o'in da masana halayyar ɗan Adam suke bayyana mantuwa da su, a kan abin da aka rubuta game da Hausawan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Ra'in da ke ɗora wa tsawon lokaci alhakin mantuwa ya gaza ɗaukar bayanan. Wanda ya dace da su shi ne na gogayya tsakanin abubuwan da mutum ya sani, haɗe da yawan kirawo abu daga ƙwaƙwalwa.

Gabatarwa

A watan Yuli na 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da waɗanda suka tsira, kuma a 1906 ya kafa garin da ke amsa sunansa a kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu, sai maniyyatan da ke takawa zuwa Makka suka riƙa yada zango suna ƙwadago don tara guzuri. Da yawansu ba su sake ɗaura kaya ba.

Idan zancen jikokinsu ya taso a Kano ko Sakkwato, hukuncin da ake yankewa guda ne: an daɗe, saboda haka an manta. Da wannan hukunci nake ja. Ba shi da tushe a ilmance, kuma yana sa a kalli al'umma mai rai kamar ragowar abin da ke ƙarewa.

Bitar ra'o'i

Tsarin Atkinson da Shiffrin na 1968, wanda ya raba ƙwaƙwalwa zuwa ma'aji na ɗan lokaci da na dogon zango, ba shi da ta cewa sosai a nan. Rigimar tana kan ma'aji na biyu.

Masu ra'in dusashewa, wato masu ɗora wa tsawon lokaci alhakin mantuwa, sukan fake da Hermann Ebbinghaus. A 1885 wannan Bajamushe ya wallafa gwajin da ya yi wa kansa: yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bar su, sannan ya auna sauƙin da zai samu wajen sake haddace su. Bayan minti 20 sauƙin ya kai kashi 58 cikin 100, bayan awa ɗaya 44, bayan wata guda 21. Sai dai wannan ya nuna yadda mantuwa ke tafiya ne, bai faɗi sanadinta ba. John McGeoch ya bayyana haka tun 1932, inda ya ce lokaci shi kaɗai ba ya aikata komai, abin da ya faru a cikinsa ne ke aiki. Kafin shi, Jenkins da Dallenbach sun gano a 1924 cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙewa a kan wanda ya kwashe awanni daidai da nasa yana harkokinsa. Awannin ɗaya ne, abin da aka cika su da shi ne ya bambanta. Harry Bahrick kuma, a 1984, ya gwada mutum sama da 700 a kan Sifaniyancin da aka koya a makaranta, har da waɗanda suka bar aji shekara 50 da suka wuce. Ilimin ya zube a shekaru uku zuwa shida na farko, daga nan ya tsaya cik na gomman shekaru. Da lokaci ne ke ci, da bai dakata ba.

Hanyar bincike

Bitar rubuce-rubuce aka yi. An ɗauki aikin Mark Duffield a kan Mai Wurno (1981), da na C. Bawa Yamba a kan maniyyatan Jazira (1995), da na Al-Amin Abu-Manga a kan Hausar Sudan (1999), aka tambayi kowanne: me ya tsira, me ya gushe, kuma wane ra'i ne zai iya hango haka tun kafin ya faru?

Sakamako

Harshe shi ne hujja mafi sauƙi. Abu-Manga ya nuna yadda Hausar Sudan ta cika da aro daga Larabcin Sudan na yau da kullum, daban da tsofaffin kalmomin Larabci da Hausa ta riga ta sha tun a gida. Mai aiki a Jazira yana wuni yana cewa hawasha (gona), da tur'a (magudanar ruwa), da mufattish (sufeto), domin da su ake rabon ruwa, da su ake biyan lada. Kalmar gona ta sami kishiya a ɗaki ɗaya, kuma wadda aka fi kira ita ke amsawa da wuri. Levy da abokan aikinsa sun ba da rahoton irin haka a 2007: masu koyon Sifaniyanci da aka sa su maimaita sunayen hotuna da sabon harshen sun ƙara shan wuya wajen kawo kalmar harshen uwa. Ra'in gogayya yana hasashen cewa kalmomin gona da kasuwa da ofis za su riga na ɗaki da madafa tafiya, kuma birni zai riga ƙauye.

Hadda ta zo da hujja iri ɗaya ta wata kafa. Yaron da ke wanke allo a halwa, wato tsangayar Sudan, ba a kowane wuri yake tuntuɓe ba. Yakan kauce ne a ayoyi masu kama da juna, ya fara a wannan sura ya ɓulla a waccan. Saboda haka ne alarammomin ƙasar Hausa da Barno suka raya ilimin harji, suna ƙididdige sau nawa lafazi ya zo da kuma inda ya zo. Maganin gogayya ne suka tanada, kuma sun haɗa shi da tilawa, wadda take kirawo karatu ne daga ka ba tare da duba takarda ba. Roediger da Karpicke sun tabbatar a 2006 cewa irin wannan kirawo ya fi maimaita karantawa amfani ga riƙewa.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne niyyar hajji. Yamba ya tarar da mutanen da aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu da kakanninsu a can, suna ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Makka. Niyyar da wani ya ƙulla a ƙasar Hausa kafin a san jirgin alhazai tana nan a bakin tattaɓa kunnensa. A ma'aunin dusashewa, ita ya kamata ta fara tafiya, tunda tana cikin abubuwan da suka fi tsufa a kayan da aka taho da su.

Dalili biyu ne suka riƙe ta. Na farko, ana kirawo ta dare da rana. Mutum yana fuskantar alƙibla sau biyar a yini. Duk shekara wani yakan kama hanyar Bahar Maliya, wani ya dawo a kira shi alhaji. Kuma duk sanda aka tambayi baƙo abin da ya kawo shi ƙasar da ake ce masa Bafallace ko Batakari, amsar da ke kare mutuncinsa ita ce yana kan hanya. Robert da Elizabeth Bjork sun raba a 1992 tsakanin ƙarfin ajiya da ƙarfin kirawowa, suka ce kowace kirawowa tana ƙara wa abu ƙarfi. Na biyu, ba abin da ke gogayya da ita. Larabci ya kawo wa manomi wata kalma a madadin tasa, amma zaman Sudan bai kawo wa maniyyaci wata manufa da ta fi Makka daraja ba. Sai ma ya ƙarfafa ta, tunda maƙwabtan Musulmi ne.

Wannan bai nuna cewa niyyar ta iso yadda ta taso ba. Frederic Bartlett ya nuna a 1932 cewa labarin da ke wucewa daga baki zuwa baki yakan zubar da sunaye da ƙananan bayanai, ya riƙe abin da ke da ma'ana ga masu faɗarsa. Ga kaka, hajji tafiya ce mai ranar tashi. Ga jika, ta zama amsar tambayar ko shi wane ne.

Iyakoki

Dole a amsa cewa ra'o'in nan a kan mutum ɗaya aka gina su, kuma jika ba zai manta abin da ba a taɓa gaya masa ba. Gadar da na ɗora ita ce abin da uba ya fi kirawowa a bainar 'ya'yansa shi suke gada. Sakamakon Levy ma bai fito ba da Runnqvist da Costa suka sake gwajin a 2012. Za a iya cewa kuma wahalar mallakar fili da ta takardar ɗan ƙasa ce ta riƙe mazauna kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadago, a matsayin matafiya. Ban musa ba, sai dai wannan ƙarin dalili ne na yawan kirawowa. Littattafan uku duk sun riga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kai Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disambar shekarar ya tarwatsa ƙauyuka da dama. Gwajin da ya rage shi ne na sake koyo, irin na Ebbinghaus, tsakanin matasan da suka tashi a Wad Madani da tsaransu na ƙauye, a kan kalmomin gona da na madafa daban-daban.