Daga Ramin Dara Zuwa Fuskar Waya

Tun kafin Turawa su shata iyaka tsakaninmu da Togo, ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina, su ratsa Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga sayen goro. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, Hausawan garin suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Yendi. Duk zongon da ka shiga a yau za ka tarar da masallaci, ka tarar da inuwar da dattawa ke zama bayan La'asar. A irin wannan inuwa na san dara.

Wasa ne da ba ya cin ko sisi. A tona gurbi 30 a ƙasa, biyar sau shida, wannan ya riƙe tsakuwa 12, wancan karare 12. Wanda ya jera uku a layi ya cinye ɗan abokin wasansa guda. Mutum biyu ke wasan, amma goma ke kallo, kowa da bakinsa. A nan ake jin wa ya kwanta ciwo, wa zai aurar da 'ya. Idan Baba wane bai fito kwana biyu ba, an aika yaro ya dubo shi.

Rikicin sarautar Bawku ya taɓa wannan zama. Dokar hana fita da ake yawan kafawa tana mayar da tsoho ɗaki da wuri, mu na Pusiga ma muna jin zafinta, domin kasuwarmu da danginmu duk suna can. Masu kirana a shirin dare yawancinsu dattawa ne, kuma sau da dama ba su da wata tambaya. Hira suke so.

To, waya za ta iya riƙe musu majalisa? Ludo ta nuna hanya. Asalinta pachisi ce ta Indiya, aka yi mata rajista a Ingila a 1896, sannan kamfanin Gametion na Mumbai ya saka ta a waya a 2016 da sunan Ludo King. Lokacin kullen korona a 2020 ta haɗa 'yan'uwa da ke garuruwa daban-daban. Sai dai an gina ta ne don matasa masu kaifin ido da saurin yatsa, ga agogo yana ƙirga maka lokaci, ga talla tana faɗowa.

Da ni za a tambaya, darar waya ta dattawanmu murya za ta sa a gaba, don wanda ya iya aika saƙon murya a WhatsApp bai damu da rubutun boko ba. A bar wa 'yan kallo wuri su tsoma baki, su yi tsiya. Kuma idan an kira Magariba wasa ya tsaya yadda yake, a dawo a tarar da kowane kara a gurbinsa.