Amarya a Gaban Alƙali: Shari'ar Maimuna ta Katsina da Darasinta ga Ƙasar Kurfai

Gabatarwa

Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. To amma idan mace ce ta tsaya a gaban alƙali, kuma ana tuhumarta da kashe mijinta, sau da yawa jama'a sun riga sun raɗa wa abin da ke cikin suna tun kafin a haife shi. Wannan maƙala za ta waiwayi wata shari'ar kisan kai da aka yi a Katsina tsakanin 2006 da 2016, wadda ta kai har gaban kotun CEDEAO, domin a ga yadda zama mace, da talauci, da rashin takarda suke iya rinjayar hukunci. Ko da yake a Najeriya abin ya faru, malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu na Damana da Filinge da ƙasar Kurfai za su tarar cewa tambayoyin da shari'ar ta tayar nasu ne, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yadda shari'ar ta gudana

Maimuna Abdulmumini tana da shekara 13 aka yi mata aure. Bayan wata biyar da ɗaurin auren, mijinta ya rasu sakamakon ƙunar wuta, kuma a watan Maris na 2006 aka kama ta bisa zargin ita ce ta cinna wutar. An tuhume ta a ƙarƙashin sashe na 221 na kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya, wato kundin da ya fara aiki a 1960 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, kuma hukuncin wannan sashe kisa ne. An ba da belinta, shari'a ta yi ta jan ƙafa, har ta sake aure ta haihu. Ranar 6 ga Disamba 2012, Babbar Kotun Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin kisa, aka kai ta gidan kaso tare da ƴarta wadda ba ta kai shekara 2 ba.

Abin da ya sa wannan hukunci ya shiga tarihi shi ne dokar da kotun take aiki da ita ba ta yarda da shi ba. Kundin tsarin shari'ar laifuffuka na Arewa ya tanadi cewa wanda bai kai shekara 17 ba a lokacin da ya aikata laifin, ba a yanke masa hukuncin kisa, sai dai a tsare shi har zuwa lokacin da gwamna ya ga dama. Ƙungiyar lauyoyi ta Avocats Sans Frontières ta Faransa ta ɗauki maganar ta kai kotun CEDEAO da ke Abuja. A watan Yuni na 2014 kotun ta bayyana cewa yanke hukuncin kisa a kan laifin da aka ce yarinya ta aikata tana ƙasa da shekara 18 ya saɓa wa yarjejeniyar duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, ta kuma ba da umarnin a biya ta diyyar naira miliyan 5. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke hukuncin kisan, ta mayar da shi tsarewa sai abin da gwamna ya gani. A 2016, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka sallame ta. Ya kamata mai karatu ya lura cewa babu kotun da ta wanke ta daga tuhumar. Abin da aka gyara shi ne hukuncin, kuma gyaran ya ci shekara kusan huɗu na rayuwarta da ta ɗiyarta.

Aure a matsayin shekaru

A al'adar Bahaushe ba da lissafin shekaru ake auna girman mace ba. Yarinya takan zama budurwa, budurwa ta zama amarya, amarya kuma da ta shiga ɗakinta ta zama matar wane. Daga ranar da aka kai ta, an ɗora mata girki da surukai da kunya da haƙuri, kuma ba a ƙara kiranta yarinya ko da ba ta daina wasan gaɗa a zuciyarta ba. Namiji ɗan shekara 13 kuwa yaro ne a idon kowa, ko a makarantar allo, ko a gona, ko a gaban hukuma. Nan ne bambancin jinsi ya fara, tun kafin a je kotu.

Wannan tunani ya samu gurbi har a cikin rubutacciyar doka. Sashe na 29 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, a inda yake magana kan barin zama ɗan ƙasa, ya ɗauki duk matar aure a matsayin wadda ta cika shekarun girma. A watan Yuli na 2013, Maimuna tana gidan kaso, majalisar dattawa ta yi muhawara a kan cire wannan magana, Sanata Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙi amincewa, kuma ba a samu ƙuri'un da za su cire ta ba. Sashen bai shafi hukuncin kisa ba, amma yana nuna yadda ake kallon abin. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta sa shekarun aure 18, sai dai kowace jiha sai ta amince da ita, kuma Katsina ba ta yi tata dokar ba sai 2020, Kano kuma 2023.

A kan wannan sai a ƙara jinkirin shari'a. Wadda aka kama a 2006 yarinya ce, wadda ta tsaya jin hukunci a 2012 kuwa mace ce mai goyo, mai aure na biyu. Ido yana ganin ta yau, alhali doka tana tambayar ta jiya. Idan babu takardar haihuwa da za ta tsaya wa ta jiyan, to abin da ido ya gani shi ke rinjaye.

Abin mamaki shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda malamanmu ke karantarwa daga Risala zuwa Muhtasar, bai haɗa aure da balaga ba a sha'anin jini. Ba a yi wa wanda bai balaga ba ƙisasi, gangancinsa ana ɗaukarsa kamar kuskure, diyya kuma ta hau kan danginsa. Balaga tana da alamominta, idan ba su bayyana ba a jira shekara 18 a mashhurin zancen mazhabar. Ke nan ɗaurin aure ba ya cikin alamomin. Wanda ya ce amarya babba ce domin an kai ta ɗaki, al'ada ya bi, ba littafi ba.

Shari'ar Gezawa

Ana cikin wannan, sai irinta ta auku a Kano. A watan Afrilu na 2014, a ƙaramar hukumar Gaya, aka kama Wasila Tasi'u mai shekara 14 bisa zargin zuba maganin ɓera a abinci, ƴan makonni kaɗan bayan an aurar da ita ga wani mai shekara 35. Mijin da wasu mutum uku suka rasu. An gurfanar da ita a Babbar Kotu da ke Gezawa, masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa, lauyoyi mata na ƙungiyar FIDA suka tsaya mata. Shekarunta, da ko dole aka yi mata, da yadda ƴan sanda suka ɗauki bayaninta, duk sun zama abin jayayya. A 2015 ma'aikatar shari'a ta jihar ta janye tuhumar, kotu ta sallame ta a watan Yuni.

A wannan shari'a son zuciya iri biyu suka yi karo. A gida, masu hira a majalisa da tasha sun ga muguwar mace wadda ta ci amanar aure, kuma kaɗan ne suka tambayi wanda ya ji ƙorafinta kafin biki. A waje kuma, wasu jaridun Turai sun ga dama ta zagin Musulmin Arewa baki ɗaya, suka manta cewa rai huɗu aka rasa, kuma kowane rai yana da iyaye da dangi masu kuka. Duka ɓangarorin biyu sun yi amfani da yarinyar wajen tabbatar da abin da suka riga suka yarda da shi. Adalci kuwa yana buƙatar a riƙe abu biyu a lokaci guda: jinin mamaci ba banza ba ne, kuma yarinya yarinya ce.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta tamu ce mu kaɗai. A Ingila, ranar 9 ga Janairu 1923, an rataye Edith Thompson a gidan kason Holloway saboda kisan mijinta, alhali saurayinta Frederick Bywaters ne ya soke shi da wuƙa, kuma har ya mutu yana cewa ba ta san da shirin ba. Wasiƙun soyayyar da ta rubuta masa aka karanta a kotu, aka auna tarbiyyarta fiye da hannunta a kisan. A Sudan, a watan Mayu na 2018, an yanke wa Nura Husaini hukuncin kisa saboda kashe mijin da aka tilasta mata, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara 5 a watan Yuni. A wannan shekara ce wata cibiyar bincike ta jami'ar Cornell a Amurka ta ƙiyasta cewa aƙalla mata 500 ne ke jiran hukuncin kisa a duniya, ta kuma sa labarin Maimuna cikin misalanta.

Abin da ya shafi Nijar

Kotun da ta ceci Maimuna ba baƙuwa ba ce a Nijar. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a zamanta na Yamai, ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya a kan sefa 240.000. Bayan ta samu takardar ƴanci ta auri wanda take so, sai kotu a Birnin Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata 6 da sunan ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara, kotun CEDEAO ta sami gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta daga bauta, ta ba ta diyyar sefa miliyan 10. A nan ma kalmar aure ce ta rufe idon alƙalan farko, suka ga matar wani a inda ya kamata su ga yarinyar da aka saya. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, wannan ƙofa ta rufe, nauyin ya ƙaru a kan kotunanmu na gida.

Ta wani ɓangaren dokar Nijar ta fi sauƙi. Ba a aiwatar da hukuncin kisa ba tun 1976, kundin hukunta laifuffuka ya hana shi a kan wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tun 1999 aka kafa kotunan yara. Amma tushen matsalar yana nan. Kundin dokar farar hula ya sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, yawancin aure kuma bisa al'ada ake ɗaura shi, inda babu iyakar shekaru. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, daftarin dokar iyali kuma an janye shi a 2011. Sai a watan Disamba na 2017 aka fitar da dokar gwamnati ta kare yarinyar da ke karatu.

Kammalawa

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙauyukan Dallol Bosso ya san ɗalibar da takardarta ke cewa an haife ta wajajen shekara kaza, ya kuma san kujerar da ke zama wayam bayan kaka. Rajistar aji wani lokaci ita ce kaɗai shaidar shekarun yarinya, saboda haka kiyaye ta, da matsa wa iyaye su nemi takardar haihuwa tun yaro yana ajin farko, aiki ne na shari'a ko da ba a kira shi haka ba. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma su ne masu wasan kwaikwayo da waƙa da taron dandali, wato su ne ke gina hoton mace ta gari da muguwar mace a zukatan waɗanda gobe za su zama alƙalai da jandarmomi da shaidu. Suna da abin dogaro daga gida: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta kafa Ƴan Taru domin kai ilimi ga matan ƙauye.

Maimuna ta fita da ranta domin an samu lauyoyi da wata kotu a sama da ta farko. Yarinyar Damana ko ta Filinge da za ta shiga irin wannan hali, Allah ya kiyaye, ba lalle ta samu ko ɗaya ba. Abin da za ta dogara da shi shi ne takardar da ke faɗin shekarunta, da alƙalin da zai karanta ta, da kuma, tun kafin wannan duka, wani babba a gida ko a makaranta wanda ya saurare ta ranar da ta ce ba ta so.